Amsar Tambaya: Su Wa Suka Kai Ƙosai Ƙasar Birazil?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomin wake kuma ɗan kasuwa daga wajen Ɗambatta a Jihar Kano, ya aiko mana da takarda yana cewa ya ji ana hira a kasuwa wai akwai wani gari a ƙasar Birazil inda mata baƙar fata ke soya ƙosai a bakin titi, kamar dai yadda ake yi a nan gida. Ya ce shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, wa ya kai musu? Ko Hausawa ne?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Abin da ka ji gaskiya ne. Garin sunansa Salvador, shi ne babban birnin Jihar Bahia, ana furta sunan jihar kamar Ba'iya. Yana bakin Tekun Atlantika, can arewa maso gabashin Birazil. Ƙidayar shekara ta 2022 ta nuna mutanensa sun kai miliyan 2 da dubu 400, kuma kimanin takwas cikin kowane goma baƙar fata ne ko ruwa biyu.

Ƙosan nasu akaraje suke ce masa. In ka saurara da kyau za ka ji akara a ciki, wato sunan da Yarabawa ke kiran ƙosai. Da farin wake mai baƙin ido ake yin sa, irin wanda kake nomawa. A jiƙa, a surfe, a niƙa da albasa, a sa gishiri, a buga ƙullun har ya tashi. Inda muka rabu da su shi ne, su da manja suke suya, kuma nasu ya kai dunƙulen hannu girma. In an kwashe sai a tsaga shi biyu, a cusa masa yaji, da miyar kuɓewa, da busasshen jatan lande, da wani haɗi mai kauri da suke kira vatapa. Har alale suna yi, a ƙulle shi cikin ganyen ayaba, suna ce masa abara.

Amma amsar wanda ya kai musu, sai mun koma baya.

Turawan Fotugal ne suka kafa Salvador a shekara ta 1549, kuma ita ce babban birnin Birazil har zuwa 1763, lokacin da aka mai da mulki Riyo. Garin hawa biyu ne. Akwai unguwar ƙasa a bakin ruwa, inda tashar jiragen ruwa da ɗakunan ajiyar kaya suke, akwai kuma unguwar tudu inda gwamna da manyan majami'u da gidajen masu kuɗi suke. Ƙauyukan da ke kewaye suna noman rake da taba da rogo, kuma bayi ne ke noman. Tabar da ba ta kai a sayar a Turai ba, sai a shafe ta da ruwan rake mai kauri, a naɗe, a kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, su Wida da Badagiri da Ikko, a musanya da mutane. Kusan mutum miliyan 5 aka sauke a Birazil daga Afirka, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma kaso mai yawa ta tashar Salvador suka shiga. Masanin tarihin nan na garin, João José Reis, ya ƙiyasta cewa a 1835 mutanen Salvador sun kai 65,500, kuma ɗaya cikin uku haihuwar Afirka ne.

Bautar birni ba irin ta gona ba ce. Dattawan ƙasar Hausa sun san abin da ake kira murgu: bawa ya fita ya yi sana'arsa, ya riƙa biyan ubangidansa wani yankakken kuɗi, abin da ya saura nasa ne. To irin wannan tsari ne ya cika Salvador, suna kiransa ganho, a furta ganyo, ma'anarsa samu. Namiji mai wannan aiki yawanci ɗan dako ne, shi ke sauke kaya daga jirgi, ya hau da su tudu, har da masu kuɗin kansu a kan kujera ake ɗaukar su. Mace kuwa ana ce mata ganyadera. Ita talla take yi, ko ta kasa kaya a kusurwar titi, ko wankau a bakin tafki, ko ɗiban ruwa. Kowace rana ko kowane mako sai ta kai murgunta. Ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ko ruwa aka wuni ana yi, ko jikinta ba daɗi, kuɗin nan sai sun cika. Wasu ma ba a gidan uwargida suke kwana ba, ɗaki suke kamawa haya a ƙarƙashin benaye, su ci da kansu, su tufatar da kansu.

Akwai wani Bature malamin makaranta, Luís dos Santos Vilhena, wanda ya koyar da harshen Girka a garin a ƙarshen shekarun 1700. Ya bar wasiƙu masu tsawo da ke bayyana yadda garin yake. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, daga manyan gidajen attajirai ake turo bayi takwas ko goma ko fiye su fita talla. Ya jera abin da suke sayarwa: ƙafar sa, miyar kuɓewa, kunu iri-iri, agidi, akaraje, abara, shinkafa da kwakwa, yankakken rake, alewa, da wani abin sha mai tsami da ake kira aluwa. Shi a ganinsa duk ƙazanta ce. Mu kuwa ya yi mana amfani, domin ta bakinsa muka san cewa sama da shekara 200 ke nan ana tallar ƙosai a titunan Salvador.

Ka lura da abu guda a nan, Malam. Matan Turawa masu hali ba su fita kasuwa, abin kunya ne a wurinsu. Amma kuɗin kasuwar suna so. Akwai zawarawa da yawa, da gidajen da arziki ya karye musu, waɗanda ba su da wata hanyar abinci sai murgun kuyanga ɗaya ko biyu. Wato mai ɗauke da tire a kai ita ke riƙe da gidan wadda ke zaune a bene tana leƙen titi ta taga.

Me ya sa matan Afirka suka riƙe wannan sana'a ƙam? Ai da ita suka zo. Duk wanda ya taɓa kai wake ko albasa kurmi ya san wa ke riƙe da kasuwa a Ibadan da Ikko da Kwatano. Mata ne. Galibin matan da aka kai Bahia a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 Yarabawa ne, waɗanda a can ake kira Nago, da mutanen ƙasar Dahomi, waɗanda ake kira Jeje. Sun iya tayi, sun iya sari, sun iya ba da bashi da karɓo shi, sun san yadda ake gyara kifi ya kwana bai lalace ba. Su ne suka kai ƙosai.

Hausawa fa? Akwai su, kuma da yawa, musamman bayan 1804 da yaƙe-yaƙen jihadi suka tashi. Har sun yi yunƙurin tawaye a 1807, suka kuma tayar a 1809 da 1814. Wani jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya zauna da wasu daga cikinsu ya rubuta abin da suka gaya masa game da garuruwansu, su Kano da Katsina da Zazzau, ya buga a 1851. Sai dai kusan dukkansu maza ne. Matan da aka kama a yaƙi a ƙasar Hausa ba a cika gangarawa da su bakin teku ba, nan gida ake riƙe su ko a bi da su ta Sahara. Shi ya sa ba ka jin labarin matan Hausawa sosai cikin 'yan tallar Salvador. Duk da haka sunanmu ya shiga tukunyarsu. Har gobe akwai wani abinci a Bahia da ake kira arroz de hauçá, wato shinkafar Hausa: a dafa shinkafa ta yi laushi kamar tuwo, a ci da soyayyen busasshen nama da albasa da yaji. Wani marubuci baƙar fata ɗan jihar, Manuel Querino, ya ambace ta a littafinsa na girke-girken Bahia da aka buga a 1928. Akwai kuma afura, curin ƙullun shinkafa mai tsami da ake damawa da ruwa da sukari. Sunan da yanayin duka ba sa buƙatar a yi wa Bahaushe tafinta.

Yanzu ga inda zancen yake. Abin da ya saura bayan an kai murgu, shi ne hanyar fansar kai. Kwabo kan kwabo, shekara da shekaru. Don abin ya yi sauri sai 'yan ƙabila ɗaya su haɗu su kafa asusu, kowa na zubi a hannun wani amintacce, wanda kuɗinsa suka kusa cika a ranta masa, ya fanshi kansa, ya ci gaba da biya. Adashi ke nan, ba wani abu ba. Takardun 'yanci da aka bari a kotunan Bahia sun nuna mata sun fi maza samun 'yanci, alhali cikin bayin da aka kawo daga Afirka maza sun fi yawa. Talla tana cikin dalilan haka. Amma fa kafin dokar 1871, babu abin da ya tilasta wa ubangida karɓar kuɗin fansa. In ya ga dama ya ƙi, in ya ga dama ya ƙara farashi, musamman in ya lura kuyangar tana da kan ciniki. Ƙwazonta ne ke ƙara mata tsada.

Wadda ta samu 'yanci ba ta ajiye tire, don ba ta da gona, ba ta da gado. Wasu ƙalilan sun yi arziki. Masanin tarihi Richard Graham, cikin littafinsa na 2010 kan yadda ake ciyar da Salvador, ya kawo labarin Ana de São José da Trindade. An kawo ta daga Afirka tana baiwa, ta fanshi kanta, ba ta iya karatu ba. A 1807 ta yanki lasisin sayar da kayan abinci, nata da na bayinta 3. Da ta rasu a 1823 ta bar gidan dutse mai hawa 3, da kayan zinariya, da bayi 9. E, bayi. Wadda aka sayo ita ma ta sayi wasu ta tura su talla, kuma ba ita kaɗai ba, haka yawancin 'yantattun da suka samu hali suka yi, domin a wancan gari babu jarin da ya kai bawa kawo riba. Wannan ba abin yabo ba ne, amma ɓoye shi ma ba gaskiya ba ne. Irin su Ana ne ke saye sarƙoƙi da awarwaron zinariya, da tarin kayan azurfa da ake ratayawa a ƙugu, ana kiran su balangandan. Ado ne, kuma ajiya ne, kamar yadda matanmu ke tara kwalla da kumbo ko su sayi tunkiya: ranar buƙata a cire ɗaya a sayar. Amma a kan kowace Ana ɗaya akwai ɗaruruwa da suka tsufa da gammo a kai, suka mutu a ɗakin haya.

Hukuma kuwa tsakaninta da su sai ka ce harshe da haƙori. Gari ba ya ci sai da su, domin su ne ke tarar kwale-kwalen da ke kawo garin rogo da kifi da kayan lambu, su rarraba unguwa-unguwa har ƙofar gida. Amma majalisar gari ba ta bar su sun huta ba. Sai an yanki lasisi. Sai an kai mudu da sikeli an duba. An ƙayyade farashi. An ce a nan za a zauna, can ba a zama. Wadda ta saɓa a ci ta tara, ko a ƙwace kayan, ko ta kwana a gidan yari. Vilhena ya yi ta ƙorafi cewa su ne ke saye kifi tun daga hannun masunta su tsadantar da shi, wato zargin da ake yi wa 'yan baranda a kowace kasuwa. Shi da kansa kuma ya nuna cewa da yawansu bayin manyan gidaje ne, shi ya sa ba a iya taɓa su.

Akwai wani tsoro da ya fi na farashi. 'Yar talla tana shiga ko'ina, tana jin harshen da Bature ba ya ji, tana ganin wanda ya sauka daga kwale-kwale da wanda ya hau. A daren 24 wayewar 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmin Afirka da ke garin, galibinsu Yarabawa, suka yi tawayen da ake kira na Male. Kimanin mutum 600 suka fito da takubba, sanye da fararen riguna da layu. An shirya sai da asuba za a fara, amma asiri ya tonu tun da dare, kuma ta bakin 'yar talla ya tonu. Wata 'yantacciya, Sabina da Cruz, mai sayar da abinci a unguwar ƙasa, ta yi faɗa da mijinta Vitório Sule da safe. Da ta dawo daga kasuwa ba ta same shi ba, ta bi sawu har wani gida inda ta tarar an taru ana shiri. Ta gaya wa ƙawarta Guilhermina Rosa de Souza, ita kuma ta gaya wa wani maƙwabcinta Bature, kafin ka ce kwabo magana ta kai ga hukuma. Aka yi artabu a tituna na 'yan sa'o'i, aka kashe 'yan Afirka kimanin 70, har da shi Sule.

Abin da ya biyo baya a kan kowa ya faɗa, har da waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A watan Mayun wannan shekara majalisar lardi ta yi doka: kowane 'yantaccen ɗan Afirka, mace ko namiji, zai riƙa biyan harajin réis 10,000 a shekara, an hana su sayen gida ko fili, kuma ana iya korar wanda ake zargi zuwa Afirka. Daga baya aka ƙara wani harajin a kan 'yan Afirka masu kasuwanci. Ɗaruruwa suka tattara suka koma Ikko da Wida da Ankara. Su ne ake kira Aguda a Ikko, Tabom a Gana. Ka ga, da gidan Ana bayan 1835 ta so saye, da doka ba ta bar ta ba.

A nan ya kamata mu ambaci Luiza Mahin, domin sunanta ya shahara ƙwarai a Birazil. Ɗanta, Luiz Gama, an haife shi a Salvador a 1830, ubansa Bature ya sayar da shi yana ɗan shekara 10 saboda bashin caca. Ya girma ya koyi shari'a, ya ƙwato wa bayi sama da 500 'yanci a kotu. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1880 ya ce mahaifiyarsa 'yar Afirka ce mai 'yanci, 'yar kasuwa mai kasa kayan abinci, mai ƙwazo da zafin rai, kuma an sha kama ta bisa zargin shirya tawaye, sa'an nan a 1837 ta tafi Riyo ba ta dawo ba. Mutane da yawa na cewa tana cikin shugabannin tawayen 1835, amma Reis, wanda ya bi takardun shari'ar ɗaya bayan ɗaya, bai ga sunanta ba. A 2019 gwamnatin Birazil ta sa ta cikin littafin jaruman ƙasa.

An hana shigo da bayi a 1850. A watan Yunin 1857 'yan dakon Salvador suka yi yajin aiki na fiye da mako guda, saboda an ce sai sun yi rajista sun rataya lambar ƙarfe a wuya, tashar jiragen ruwa ta tsaya cik. Dokar ba ta shafi mata ba. Sa'an nan ranar 13 ga Mayun 1888 aka soke bauta baki ɗaya, Birazil ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka. Ba a ba kowa gona ba, ba a ba kowa ko anini ba. Aikin albashi kaɗan ne a Salvador, kuma ba baƙar mace ake fara ɗauka ba. Saboda haka 'ya'ya da jikoki suka gaji tiren iyaye: masu kayan ciki, masu kunun asuba, masu kifi, masu wanki da guga, masu aikatau a gidajen masu kuɗi. Gidaje da yawa mace ce ke ci da su ita kaɗai. Masu ilmin zamani na lokacin kuwa, likitoci da 'yan jarida, suna ganin waɗannan mata su ne ke sa garin ya yi kama da Afirka, su kuma Turai suke so ya yi kama da ita. Zamanin Gwamna J. J. Seabra, daga 1912 zuwa 1916, aka yi ta rusau ana faɗaɗa tituna, ana ta dokokin tsafta da suka fi faɗawa kan masu sayar da abinci a titi.

Yawancin waɗannan sana'o'i kantuna da firji da famfo sun kashe su. Ƙosai ya tsira, kuma addini yana cikin dalili. A addinin gargajiya da Yarabawa da mutanen Dahomi suka kafa a can, wanda ake kira Kandombile, akara abincin baiko ne ga Oya, wadda suke kira Iyansa, kuma matan da suka shiga addinin kan yi tallarsa su tara kuɗin hidimominsu. Da a gida ake soyawa a ɗauko a akushi a bi unguwanni da dare ana kira. Cikin ƙarni na 20 ne aka koma zama wuri ɗaya da kasko da tebur, ana suya a gaban mai saye. Mai sana'ar ana kiranta bayana, tana sa fararen kaya, da buje mai faɗi, da ɗaurin ɗankwali, da tsakiya a wuya. Yanzu akwai Kiristoci 'yan sababbin majami'u da suka shiga sana'ar, wasu har suka sake masa suna wai ƙosan Yesu, abin da ya jawo rigima, har hukumar gari ta sa baki kan suna da tufafi.

Masu sana'ar sun kafa ƙungiya a 1992. A 2005 hukumar adana kayan tarihi ta Birazil ta rubuta sana'ar cikin gadon ƙasa, aka kuma keɓe musu ranar 25 ga Nuwamba ta kowace shekara. Amma sai a 2017 ma'aikatar ƙwadago ta sa ta cikin jerin sana'o'in da hukuma ta sani, wato shekara 129 bayan soke bauta. Ko ana gab da gasar cin kofin duniya ta 2014 sai da aka so a hana su suya a sabon filin ƙwallon Fonte Nova, don hukumar FIFA ta keɓe sayar da abinci ga kamfanonin da ta yi yarjejeniya da su, alhali matan sun shekara da shekaru suna suya a tsohon filin da aka rushe. Suka tara sa hannun dubban mutane, suka kai koke har ga shugabar ƙasa ta lokacin, Dilma Rousseff. A 2013 aka sassauta, aka bar 'yan kaɗan daga cikinsu su kafa kasko a harabar filin.